Kiɗan Shimfiɗa: Yadda Ake Sa Kiɗa a Ƙarƙashin Magana Bai Danne Ta Ba

Duk mai kallon fina-finai masu dogon zango a waya ya san wannan wahalar. Uwa na yi wa ɗiyarta nasiha cikin sanyin murya, fiyano kuma na ta kuka a kanta. Ka ƙara sauti don ka ji me take faɗa, can fitowa ta sauya, ganga ta faɗo maka a kunne kamar an ɓaro kwanuka. Sau tari mai kiɗan ya iya hannunsa sarai. Wurin da aka ajiye kiɗan, da ƙarfin da aka ba shi, su suka ɓata aikin.

Waƙar fim daban, kiɗan shimfiɗa daban. Waƙa ita ce a gaba, hoto ke bin ta. Kiɗan shimfiɗa kuwa tabarma ne, magana da hoto ke zama a kansa, kuma yawancin ƙa'idojinsa daga nan suka fito.

Kafin a taɓa fiyano

Kada ka fara kiɗa sai edita ya gama yanka ya kulle hoto. In aka cire sakan biyu daga tsakiyar fitowa bayan ka gama, duk bugun da ka daidaita da motsi ya goce. Ka karɓi bidiyon da lambar lokaci a rubuce a jikinsa, ka tambayi firam nawa ne a sakan, wato hotuna nawa ke wucewa cikin sakan ɗaya. Talabijin a Najeriya da Nijar 25 yake bi, fim ɗin sinima kuma galibi 24. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne: abin da aka yi a 24 in aka gudanar da shi a 25 yana ƙara sauri da kusan kashi 4 cikin ɗari, amon kiɗan ma ya ɗan hau.

Daga nan sai a zauna, darakta da edita da mai kiɗa, a kalli fim ɗin daga fari har ƙarshe babu kiɗa ko ɗaya. A kowane wurin da aka ga yana son kiɗa a rubuta abu huɗu: lambar gutsuren kiɗan, lokacin shiga, lokacin fita, da aikin da ake so ya yi. Na huɗun ne ake yawan tsallakewa. "Kiɗan baƙin ciki" ba bayani ba ne. "Mai kallo ya fara zargin cewa yayan ya san inda kuɗin suke" shi ne bayani, don shi zai gaya wa mai kiɗa ya yi ƙasa-ƙasa, ya guji waƙe, wato jerin amon da kunne ke iya rerawa, ya bar abin a rataye.

A ganina, kashi ɗaya na shiri mai minti 45, kiɗan minti 12 zuwa 18 ya wadatar da shi. Wanda ya shimfiɗa kiɗa tun daga sallama har rufewa ya kashe makaminsa da kansa, domin kunne na sabawa da sauti cikin ɗan lokaci ya daina lura da shi, ranar da ake buƙatar kiɗan ya girgiza mutum sai a tarar ya zama kamar ƙarar fanka. Akwai kuma wuraren da ba a sa kiɗa ko kaɗan a fim ɗin Hausa: karatun Alƙur'ani, kiran salla, salla kanta, addu'a a zaman makoki. A sauke kiɗan sakan biyu ko uku kafin a kai wurin, kada ya yanke tsulum a kan bisimilla.

Shiga da fita su ma sana'a ce. Kiɗa ya fi shiga lafiya in ya laɓe a bayan wani sauti, rufe ƙofa, wucewar mota, tashin mutum daga kujera. In akwai maganar da za ta kaɗa zuciya, a bari a faɗe ta, a bar numfashi guda, sannan kiɗan ya shigo. Mai sa shi tun kafin a buɗe baki ya riga ya tona asirin fitowar.

Wata matsala da ke cin masu kiɗa: edita ya ari kiɗan wani fim ya sa na wucin gadi yayin yanka, darakta ya kalla sau hamsin har ya shiga ransa, sai ya ce a yi masa irinsa sak. Mafita ita ce a tambaye shi me ya kama shi a ciki, saurin ne, ko kayan kiɗan, ko wurin da ya ɗaga. A ɗauki wannan, a bar waƙen ga mai shi.

Kayan kiɗanmu suna magana

A nan ne mai yi wa Hausawa kiɗa yake da aikin da littattafan waje ba za su koya masa ba. Kalangu magana yake yi. Makaɗi na matsa tsarkiya yana saki, amon na hawa da sauka yana bin karin harshe, kuma Bahaushen da ya tashi yana jin sa zai tsinci kalmomi a ciki ko bai yi niyya ba. Ka sa kalangu mai take a ƙarƙashin hirar mutum biyu, ka sa mutum na uku a ɗakin. In ana son amonsa a ƙarƙashin magana, a roƙi makaɗin ya tsaya a amo ɗaya ko biyu yana maimaitawa, ya ajiye zance sai inda baki ya yi shiru.

Dalilin yana cikin harshen kansa. Hausa na rarrabe kalmomi da karin sauti da tsawon wasali: baba na uba, baba ta uwa, da baba na rini, hawa da saukar murya ne ke raba su. Wannan hawa da sauka yana zaune ne a ƙasan muryar, wajen 100 zuwa 250 Hz (Hz ma'aunin kauri da siririntar amo ne, dubunsa shi ne kHz) da abin da ke bisa kaɗan, daidai inda goge da kalangu da hannun hagun mai fiyano suke yawo. Shi ya sa waƙe mai yawan lanƙwasa a wannan yanki yake gajiyar da mai sauraro fiye da dogon amo guda da aka riƙe.

Sannan kowane abin kiɗa da kayan da yake ɗauke da su. Kakaki da tambari da algaita na sarauta ne. Ka busa kakaki don attajiri ya fito daga mota, ka naɗa shi sarki ba ka sani ba, sai fa in barkwanci kake nufi. Shantu da kiɗan ƙwarya na mata ne da cikin gida da biki. Kalangu na tuna wa mutane mahauta da filin dambe, gangar noma na tuna gayya. Goge da garaya suna da tsohuwar alaƙa da bori, kuma dattijo mai kallo bai manta ba ko da yaron da ke situdiyo bai sani ba. Sarewa ce ke kai mutum daji da kiwo ba gardama. Take kuwa yana da mai shi. Kada a ɗauki taken wata masarauta ko wani gida a liƙa wa mugun fim.

Wajen haɗa su da fiyano akwai tarko. Fiyano a ɗaure yake da ma'auninsa, goge da kukuma da sarewa kuwa ba su san wannan ɗauri ba, kuma waƙensu da yawa a kan amo biyar yake tafiya. In ka jera sauye-sauyen amo irin na waƙar coci ko ta Indiya a ƙarƙashin goge, za a ji kamar ɗayansu ya kauce. Abin da ke aiki shi ne a fara ɗaukar sautin mai gogen, a gano amon da yake komawa gida a kansa, a daidaita fiyano da shi, a riƙe wannan amon da na biyar ɗinsa a ƙasa. Kada a ja gogen da manhajar gyaran murya har ya miƙe. Lanƙwasar ita ce gogen.

Wajen ɗauka: makirfo ya yi nisan kamu ɗaya zuwa biyu daga kalangu, yana kallon gefen fata. Algaita ƙara gare ta, a ja baya kamar mita ɗaya, a kauce wa bakinta. Kololuwar sauti ta tsaya wajen -12 dB (desibel, ma'aunin ƙarfin sauti) don a bar sarari. A kashe fanka. In gurnanin wuta ko janareta ya shiga, a neme shi a 50 Hz da 100 da 150 a rage shi da siririn yanka. A ɗauka a 48 kHz, bit 24, don shi ne ma'aunin bidiyo. Fayil ɗin 44.1 kHz da manhaja ta karanta a matsayin 48 zai yi gudu da kusan kashi 9 cikin ɗari, amonsa ya hau, ya rabu da hoto tun a mintin farko.

Lissafin sauri

Ga misali. Daga buɗe ƙofa zuwa lokacin da idon jaruma ya faɗa kan wata wasiƙa, sakan 19.2 ne. Kana son gaɓa 8 masu bugu hurhuɗu su cike tsakanin, wato bugu 32, babban bugu na gaba ya sauka daidai kan wasiƙar. Sai ka ninka 32 da 60, ka raba da 19.2, ya ba ka bugu 100 a minti. A wannan saurin, in hoton 25 ne a sakan, kowane bugu firam 15 ne cif, abin da ke sauƙaƙa wa edita shi ma. In lissafi ya ba ka saurin da bai dace da yanayin ba, ƙara gaɓa ko rage, ko ka sa gaɓa guda mai bugu biyu a tsakiya. Ba mai lura.

In ba za a dace daidai ba, gara kiɗan ya makara da firam ɗaya ko biyu da ya riga hoto. Ido ya saba ganin abu kafin kunne ya ji shi, kamar walƙiya da tsawa. Kuma kada a bi kowane motsi da bugu. Biyu ko uku a gutsure sun isa, fiye da haka fim ya koma zanen yara.

Haɗa sauti

Magana ake fara daidaitawa, ita kaɗai, har ta zauna a ƙarfi ɗaya daga fitowa zuwa fitowa. Sai sautin wuri. Kiɗa ne na ƙarshe. Wanda ya fara da kiɗa zai ƙare yana tura magana sama tana fashewa.

Ƙarƙashin magana, kiɗa ya kasance ƙasa da ita da desibel 15 zuwa 20. Inda aka yi shiru mai tsawo yana iya hawa da 6 zuwa 10, a hankali, cikin kamar sakan ɗaya. Da hannu ake zana wannan hawa da sauka a layin ƙarfin sauti. Akwai dabarar sa kwamfuresa, wato na'urar matse sauti, ta saurari layin magana ta riƙa danne kiɗa da kanta, kuma tana da amfani in an yi mata linzami: dannewar kada ta wuce desibel 3 ko 4, ta kama cikin milisakan 10 zuwa 30, ta saki cikin 300 zuwa 500. In sakin ya yi sauri, kiɗan zai riƙa leƙowa tsakanin kalma da kalma kamar mai haki. Wannan hakin shi ne alamar aikin gaggawa da aka fi ji a shirye-shiryen YouTube.

Rage ƙarfi kaɗai ba ya isa, sai an buɗe wa murya hanya. Baƙaƙen da ke sa a gane kalma, irin su s da sh da ts da k da ƙ, suna daga 2 kHz zuwa sama ne galibi. Da ikwalaiza, mai rage ko ƙara wani yanki na sauti, a rage kiɗan desibel 2 zuwa 4 a faɗin 1 zuwa 4 kHz, in kuma muryar namiji ce mai kauri a ɗan rage wajen 200 zuwa 300 Hz. Amma gyara mafi arha tun wajen tsara kiɗan ake yin sa: a bar tsakiya fayau, a sa amo mai zurfi a ƙasa, ɗan ƙyalli a can sama, waƙe kuma ya jira shiru. Muryar mawaƙi mai kalmomi a ƙarƙashin hira kuwa, ko ta wace ƙasa ce, ba ta da magani sai cirewa. Guɗa da amshin "aaa" na mata ma a yankin magana suke, a yi hattara da su.

Akwai yaudarar da ke kama kowa a situdiyo. Kai ka ji hirar sau ɗari, ka haddace ta, don haka kana jin ta ko kiɗa ya rufe ta. Mai kallo sau ɗaya zai ji, wataƙila a cikin Keke Napep. In ka gamsu da haɗin, sake rage kiɗan da desibel 3 ko 4, sannan ka kira wanda bai san labarin ba ya saurara ya maimaita maka abin da aka ce.

Gwaji uku ba a tsallake su. Na farko lasifikar waya: ba ta fitar da abin da ke ƙasa da wajen 200 Hz sosai, saboda haka gutsuren fargaba da aka gina kan gurnani mai zurfi kaɗai zai ɓace ɗungurungum, dole a ɗora masa wani amo a sama da zai ɗauki nauyin. Na biyu a haɗe dama da hagu su zama mono: sautukan fiyano da aka faɗaɗa da yawa sukan cinye juna su sirance. Na uku iyafis mai arha, don shi ne a kunnen yawancin masu kallo.

Ƙarfin shirin gaba ɗaya da LUFS ake auna shi, inda lambar da ta fi kusa da sifili ta fi ƙarfi, kuma akwai manhajar awo ta kyauta irin Youlean. Ƙa'idar gidajen talabijin na Turai, EBU R128, -23 ce, kololuwa kada ta wuce -1. Ta Amurka -24. Netflix na neman -27 a ma'aunin da ke bin magana, kololuwa -2. YouTube kuwa yana sauke duk abin da ya fi kusan -14 ƙarfi, amma ba ya ɗaga wanda ya gaza, shi ya sa haɗin talabijin da aka ɗora kai tsaye yake fitowa a shaƙe. A fitar da biyu: na tasha bisa abin da tashar ta nema, na YouTube tsakanin -16 da -14.

Talla

Sakan 30 ba ta da wurin gabatarwa. A fara ɗaukar muryar mai sanarwa, a auna ta, sannan a ɗinka kiɗa a jikinta. A bugu 120 a minti kowace gaɓa sakan 2 ce, gaɓa 14 sun ba ka sakan 28, saura ɗaya da rabi na wutsiyar sauti, ka tsaya a 29.5 don kada na'urar tasha ta guntule ƙarshen. Inda za a faɗi farashi ko lambar waya ko adireshi, a janye ganga da waƙe a bar amo guda. Tambarin sauti na kamfani, ɗan waƙen nan na sakan biyu ko uku, a ba shi fili shi kaɗai a ƙarshe. Tun a zaman farko a yanka na sakan 60 da 15 da kuma 6 na gajeren tallan YouTube, kowanne da ƙarshensa na gaskiya, ba a dushe shi a tsakiyar gaɓa ba. Na rediyo kuma a ƙara sauke kiɗan, don na'urorin tasha suna matse sauti su ɗago duk abin da ke ƙasa.

Wasan bidiyo

A fim ka san sakan nawa fitowa za ta ɗauka. A wasa mai wasa ne ke yanke wannan, yana iya tsayawa a ɗaki ɗaya minti ashirin. Saboda haka ana rubuta kiɗan ne ya riƙa zagayowa, kuma ɗinkin zagayen shi ne wurin da ake faɗuwa. A yanka daidai kan gaɓa. Wutsiyar amsa-kuwwar da ta zarce ƙarshe a kwafe ta a ɗora a farkon fayil, in ba haka ba za a ji rami duk zagaye. Kada a ba da MP3, don yana ƙara ɗan shiru a farkon fayil wanda ke sa tuntuɓe. WAV ko OGG ake bayarwa.

Hanya biyu ake sa kiɗa ya bi abin da ke faruwa. Ko a yi shi hawa-hawa, amon ƙasa kullum yana nan, ganga ta shigo in abokin gaba ya matso, sauran kaya su shigo in faɗa ya kaure, dukkansu sauri ɗaya da tsawo ɗaya. Ko a yi gutsattsari daban-daban, injin wasan ya jira ƙarshen gaɓa ya tsallaka daga wannan zuwa wancan. Kamfanin LucasArts ya yi irin wannan tun 1991 da tsarinsa na iMUSE, yau kuma manhajojin FMOD da Wwise ne aka fi amfani da su. Zagaye mai ƙasa da minti ɗaya da waƙe mai kama kunne yana gundura da wuri. A kunna shi minti ashirin ana wani aiki, abin da ya fara ɓata rai a cire shi.

Haƙƙi da miƙa aiki

Ɗauko kiɗan fim ɗin Indiya ko na Turkiyya a shimfiɗa ya daina zama dabara tun da Content ID na YouTube ya zo. Yana gane sautin, kuɗin tallan bidiyon ya koma ga mai kiɗan, ko a toshe shi a wasu ƙasashe. Sauya sauri ko amo bai sauya mai shi ba. Kowane kiɗa haƙƙi biyu ne a kansa, na wanda ya tsara da na wanda ya mallaki ɗaukar, kuma dukansu ake nema. Rumbunan kiɗa irin Epidemic Sound da Artlist lasisi suke sayarwa, a karanta shi: wanda ya halatta YouTube ba lallai ya halatta talabijin ko tallan kamfani ba.

Ko kiɗan da aka biya aka yi maka yana iya jawo rigima. Mai kiɗa ya ɗora gutsuren a kasuwar intanet ta hannun mai rarrabawa, aka yi masa rajista a Content ID, washegari fim ɗin da ya biya kuɗin kiɗan ya sami ƙorafi a kan kiɗansa. A rubuta tun farko wa ya mallaki me, ko mai kiɗa na iya sake sayarwa, da wace tashar YouTube za a cire daga ƙorafi. Makaɗin gargajiya da aka ɗauka shi ma a rubuta yardarsa da abin da aka biya shi. A cike takardar jerin kiɗa: sunan kowane gutsure, mai shi, tsawonsa, da inda ya fito. Da ita ƙungiyoyin karɓar haƙƙi, irin MCSN a Najeriya da BNDA a Nijar, suke sanin wanda za a biya.

Wajen miƙawa, kada a ba da dunƙulallen fayil guda. A raba shi rassa: ganguna, amon ƙasa, shimfiɗa, waƙe, muryoyi, kowanne WAV 48 kHz bit 24, dukkansu su fara a lamba ɗaya su ƙare a lamba ɗaya, ta yadda mai haɗa sauti zai iya sauke sarewa kaɗai in ta yi karo da magana. A sa ɗan ƙyas na firam ɗaya, amon 1 kHz, sakan biyu kafin hoton farko, don a tabbatar komai ya hau daidai. A kuma ajiye haɗin kiɗa da sautin wuri wanda babu magana a ciki. Duk wanda ya kalli fim ɗin Indiya da aka fassara da Hausa ya ji kiɗa na ɗaukewa da zarar mai fassara ya buɗe baki, ya ji abin da rashin wannan fayil ke jawowa, kuma shi za a fara tambaya ranar da aka so juya fim ɗin zuwa Faransanci ko Turanci.